Uba a Ƙofar Makaranta: Neman Ilmi ga Yara Masu Nakasa a Ƙauyukan Arewacin Kano

Abin da za a yi bayani a wannan takarda shi ne halin da manomi yake shiga sa'ad da ya ɗauki ɗansa kurma, ko makaho, ko gurgu, ya nufi makarantar firamare ta garinsu yana neman a karɓe shi. Za mu duba abin da ya tarar a al'ada, da abin da doka ta ba shi, da hanyar da kukansa yake bi kafin ya kai kunnen mai iko. An rubuta ta musamman domin malaman kwalejojin horon malamai, gama ɗalibansu su ne waɗanda uban nan zai iske a ƙofar aji.

Ƙasar da muke magana a kanta ita ce gonakin da ke arewa da birnin Kano, watau wajen Ungogo, da Minjibir, da Dawakin Tofa, har zuwa Bichi a hanyar Katsina, da Dambatta da Makoɗa a hanyar Daura. A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka buga bincikensu a Jami'ar Ahmadu Bello game da ƙasar da ta kewaye Kano, inda aka lissafa yankin da mutane suka haura 350 a kowane mil murabba'i. Tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa take yi. A nan ba a barin gona ta huta. Kowace shekara ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a fili guda, ana ciyar da shi da taki. Ƙauye yana ganin ƙauye, gida yana jin kiran sallar unguwa biyu ko uku. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai yi mana amfani nan gaba.

Hausawa ba su rasa tsari game da masu nakasa ba tun da. A Kano akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, kowa da jama'arsa, kuma akwai Unguwar Makafi a wajen Dala. Tsari ne na zaman tare da neman abinci, mafi yawa ta hanyar sadaka. Ta wajen ilmi kuwa, makaho ya fi sauran samun rabo, domin karatun allo da kunne ake ɗaukarsa, da baki ake mayar da shi. Makafi da yawa sun haddace Alƙur'ani. Kowane almajiri kuma ya san labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi wa Annabi ladanci a Madina, wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa. Mu ma masu nazarin Hausa ba ma buƙatar a tuna mana cewa Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne. Amma hanyar da ta buɗe wa makaho ƙofa, ita ce ta rufe wa kurma. Yaron da ba ya ji ba shi da abin da zai ɗauka a da'irar da kome da murya ake yi. Saboda haka akan bar shi ga kiwon awaki da ɗiban ruwa, ya girma gwanin aiki, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke cikin kansa.

Ya kamata malami ya san inda yawancin nakasar nan take fitowa, domin sau da yawa ba da ita aka haifi yaro ba. Sanƙarau, wanda yakan zo da zafin bazara, yana barin kurumta ga waɗansu da suka tsira, kuma annobar 1996 ta yi ɓarna ƙwarai a Kano. Ƙyanda takan taɓa ido da kunne. Shan inna ya gurgunta yara masu yawa, musamman bayan da aka dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa 2004, kafin a tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Nijeriya. Amfanin wannan sani ga malami a fili yake. Yaron da sanƙarau ya kurumtar yana da shekara bakwai ya riga ya iya Hausa, yana iya karanta leɓen mai magana, kuma zai riƙe maganarsa in an ci gaba da yi da shi. Wanda aka haifa kurma kuwa, wanda Hausawa suka fi kira bebe, hanyarsa daban ce. Haɗa su biyun a suna guda kuskure ne da yakan jawo wa na farko asarar abin da yake da shi.

Makarantun musamman na zamani 'yan mishan ne suka fara su. An buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, wani baƙar fata kurma daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ya kawo maganar hannu irin ta Amurka. A 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta keɓe sashe guda ga irin waɗannan yara, a shekarar kuma aka kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo. A Kano, cikin shekarun 1970, gwamnati ta buɗe makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki, a kudancin birni. Ta yi aiki mai yawa, ba mai musun haka. Amma a duba ta da idon manomin Makoɗa. Sai ya rabu da ɗan shekara shida, wanda ba ya iya faɗar abin da ke damunsa, ya kai shi kwana cikin baƙi, ya nemi kuɗin mota duk hutu. In 'ya mace ce, uwa ba ta cika yarda ba, kuma da wuya a ga laifinta. Makaranta guda a birni ba za ta ɗauke yaran ƙananan hukumomi 44 ba.

Ra'ayin masana ya juya a 1994, sa'ad da ƙasashe suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen ƙarƙashin UNESCO, suka amince cewa makarantar unguwa ita ya kamata ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro a Nijeriya. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda ta ba su ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ce kowace makarantar gwamnati ta sami aƙalla mutum guda da aka horar domin su. Jihar Kano ma ta yi shelar ilmi kyauta kuma dole a 2019. Akwai wani abin lura a dokar 2004. Ta tanadi horo ga uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta: gargaɗi da farko, sa'an nan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Watau masu dokar sun yi tsammanin uba shi ne zai ƙi. Uban da muke magana a kansa ya zo da kansa, riƙe da hannun yaro, makaranta ce ba ta shirya ba.

To, mu ɗauka wani manomi ne a ƙasar Dambatta, yana da ɗa kurma. Kusan kullum uwa ce take fara ganewa, domin ita take lura cewa yaro ba ya waiwaya in an kira shi daga baya, ko ƙarar turmi ba ta tashe shi daga barci. Amma a gidajen da ake kulle, ba ita za ta je makaranta ba. Mai sanin yaron yana cikin gida, mai magana a waje shi ne uba, wanda yini yake a gona ko kasuwa. Hedimasta mai hankali yakan aika malama ta shiga gidan ta ji daga bakin uwa, domin rabin abin da ake bukata a sani yana can.

Uban ya isa, ya gai da hedimasta, ya faɗi buƙatarsa. Ba safai ake korarsa da baƙar magana ba. Abin da yakan ji shi ne a yi haƙuri, aji ya cika, babu malamin da ya iya, a gwada Tudun Maliki. Hedimastan ba ƙarya ya yi ba, gama ajin ƙauye mai yara fiye da ƙima a gaban malami guda sananne ne. Amma a nan mafi yawan iyaye suke tsayawa, saboda kunya da kawaici, da kuma ganin cewa ilmin yaron alfarma ce suka roƙa aka hana. Wanda ya san cewa hakki ne yana da sauran matakai. Akwai mai unguwa da dagaci, waɗanda maganarsu take da nauyi a wurin hedimasta. Akwai kwamitin gudanar da makaranta, wanda aka shigo da shi cikin shekarun 2000, aka kuma ƙarfafa shi a Kano da Jigawa da Kaduna ta shirin ESSPIN da Ingila ta tallafa daga 2008. A cikinsa akwai kujerar iyaye, da ta mata, da ta sarauta, da ta malaman addini. Daga nan sai sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, sa'an nan Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha. A ganina matakin da ya fi kowanne amfani shi ne a rubuta sunan yaron a rajista, ko da ba a san yadda za a koya masa ba tukuna. Yaron da ba ya cikin rajista ba ya cikin lissafin da ake aikawa sama, kuma ba a yi wa wanda ba a ƙirga ba kasafi.

Uba guda kuwa muryarsa ƙarama ce. Amma a nan ne cunkoson ƙasar nan yake zama alheri. A ƙasar da ƙauyuka suke nesa da juna, mai ɗa kurma yakan zaci shi kaɗai ne. A tsakanin Bichi da Dawakin Tofa, in ya yi tambaya ranar kasuwa, ba zai daɗe ba zai sami waɗansu iyaye masu irin damuwarsa a tafiyar da ba ta wuce ta keke ba. Iyaye biyar da suka zo tare da dagacinsu, buƙatarsu ta zama ta gari. Haka kuma abin da za su roƙa ya zama mai yiwuwa. Ba wanda zai gina makarantar kurame a kowane ƙauye. Amma malami guda da aka horar, aka ba shi babur, yana iya zaga makarantu da dama cikin mako, ko a keɓe aji guda a makarantar da ke tsakiya, yara su zo da safe su koma gida da rana. Sauran buƙatun ba su da tsada: a zaunar da mai raunin ji ko gani a gaba, malami ya fuskanci aji in yana magana, a yi gangare a bakin ƙofa domin mai keken guragu, a gyara masai. Mai farfaɗiya ba abin da yake nema illa a gaya wa aji gaskiya, cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Makaho ne kaɗai yake buƙatar kaya na daban, watau allo da tsinken rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda Louis Braille na Faransa ya fitar a 1829.

Saura batun da ya fi shafar sashen Hausa. Yaron kurman nan bai zo makaranta hannu rabbana ba. Yana da alamun da yake magana da uwarsa da 'yan'uwansa, kuma manyan kurame na ƙasar Hausa suna da harshe cikakke da ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Constanze Schmaling, wata Bajamushiya da ta zauna da kuramen Kano cikin shekarun 1990, ta buga littafin da ya bayyana tsarinsa a 2000, daga baya kuma ta fitar da ƙananan littattafan koyarwa da Hausa. Bincikenta ya nuna cewa harshe ne mai ƙa'idojinsa, siffar hannu da wurin da aka sa shi da motsinsa kowanne yana bambanta ma'ana, kamar yadda karin sauti yake yi a Hausar baki. Masu ji ma a kasuwa da tasha ba sa jin nauyin yin ciniki da hannu. Amma makarantun kurame sun gāji alamun Amurka daga zamanin Foster, suna tafiya da Turanci. Sakamakon haka yaro yakan dawo hutu da harshen da uwarsa ba ta sani ba, ya riƙa ganin na gida kamar na jahilai. Mun daɗe muna jayayya cewa a fara koya wa yaro mai ji da harshen uwa kafin Turanci, Manufar Ilmi ta 1977 ma ta goyi bayan haka. Ban ga hujjar da za ta hana kurma wannan ba. Uban da ya roƙi a koya wa ɗansa da alamun da gida yake ganewa, abin da masana harshe suke faɗa shi ya faɗa, ko da bai taɓa jin sunansu ba.

Jami'ar Bayero tana da sashen ilmin musamman, akwai kuma kwalejin horon malamai ta tarayya a Bichi, a tsakiyar ƙasar da muke magana. Ba a buƙatar kowane ɗalibin malanta ya zama gwani. Ya isa a ce kafin ya fita gwajin koyarwa ya iya gwada jin yaro ta kiransa daga baya, da ganinsa ta rubutu a allo daga nesa, ya san alamun gaisuwa da ƙirga da sunayen iyali na maganar hannu, ya kuma san ofishin da ake aika sunan yaron da ya gano. Masu koyar da alamun nan ba su da nisa, gama a kasuwannin Bichi da Dambatta ba a rasa manyan kurame masu sana'a, waɗanda za a iya gayyata aji a biya su ladan aikinsu kamar kowane malami.