Daga lomar tuwo zuwa ƙarfin jiki: Darasin da ake haddacewa a aji, ake buƙatarsa a gida

Akwai layi guda da kusan duk wanda ya yi ajin kimiyya a babbar sakandare ya taɓa haddacewa: idan sukarin gulukos ya haɗu da iskar oksijin, ana samun iskar kabon dayoksaid da ruwa da kuzari. Ɗalibai kan rubuta shi a jarrabawar WAEC da NECO, su ci maki, su manta. Alhali kuwa wannan layin ne ke bayyana yadda abincin ranar ma'aikaci ke zama ƙarfin da zai hau benen Sakatariyar Tarayya da shi. Shi ne kuma ke bayyana dalilin da hayaƙin janareta ke hallaka mutanen gida guda cikin dare ba tare da maƙwabta sun ji ko tari ba.

Masana na kiran wannan aiki numfashin ƙwayoyin halitta, kuma tun daga sunan ake fara rikita ɗalibi. Shaƙar iska da fitar da ita aikin huhu ne, shi kuwa huhu ɗan aike ne kawai. Ainihin aikin na gudana ne a cikin ƙwayoyin halittar jiki, inda jini ke kai oksijin tare da abincin da hanji ya narkar.

Wuta marar harshe

A farkon shekarun 1780, masana biyu 'yan Faransa, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace, sun sanya ɓeran Masar a cikin wani akwati da ƙanƙara ta kewaye. Suka auna ƙanƙarar da zafin jikinsa ya narkar, suka kwatanta da zafi da iskar da gawayi ke fitarwa idan yana ci. Sakamakon ya nuna musu cewa jiki ƙona abinci yake yi, sai dai a hankali.

Bambancin shi ne, itace a murhu kan saki ƙarfinsa gaba ɗaya, ya zama zafi da haske. Jiki kuwa daki-daki yake warware gulukos, yana adana kuzarin a cikin wani ƙaramin sinadari da ake kira ATP. Gulukos tamkar takardar naira dubu ce a hannun fasinja, ATP kuma canjin da mai Keke Napep zai karɓa. Bugun zuciya, motsin tsoka da aikin ƙwaƙwalwa duk da wannan canjin ake biyan su. Jiki ba ya tara shi da yawa. Sake sarrafa shi yake yi dare da rana, har masana suka ƙiyasta cewa abin da babban mutum ke juyawa a yini ya kusa nauyin jikinsa. Ƙwaƙwalwa kaɗai, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ba, tana cin kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke amfani da shi idan yana hutawa.

Matakai uku

A mataki na farko ana raba gulukos gida biyu a cikin ruwan ƙwayar halitta. Wannan ba ya buƙatar oksijin, kuma ribarsa ATP biyu ce kacal.

Daga nan gutsattsarin kan shiga wani ɗan ɗaki mai suna mitokondiriya, wanda kowa daga mahaifiyarsa yake gadonsa. A nan ake yin zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937 yana Jami'ar Sheffield ta Ingila, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1953. A wannan ɗakin ake fitar da kabon dayoksaid ɗin da mutum ke hurowa waje.

Mataki na uku ne ke kawo riba mai tsoka, kuma duk wanda ya san madatsun Kainji da Shiroro zai gane shi. Kuzarin da aka kwaso daga abinci kan tura wasu ƙananan ƙwayoyin haidirojin zuwa bayan wani siririn bango, su taru kamar ruwa a bayan madatsa. Idan suka kwararo ta wata kafa, sai su juya wani ɗan inji da ke ƙera ATP, kuma juyawa yake yi na zahiri. Peter Mitchell ne ya kawo bayanin wannan madatsa a 1961, aka ba shi Nobel a 1978. Oksijin na jira a ƙarshen layi, ya karɓi abin da ya rage, ya zama ruwa. Idan babu shi, layin duka zai tsaya.

Inda darasin ke zama batun rai

Gawayi da man janareta, idan suka ƙone ba tare da wadatar iska ba, suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Mutum na numfashi, amma saƙon ba ya isa. Yakan fara da ciwon kai da jiri, abin da mai barci ba zai ji ba, mai ido biyu kuma zai ɗauka gajiya ce ko zazzaɓi. Ɗalibin da ya fahimci mataki na uku ba zai yarda a shigo da janareta zaure don tsoron ɓarayi ba, ko a rufe ɗaki da kaskon garwashi lokacin hunturu.

Haka batun rogo yake, wanda Najeriya ce kan gaba wajen noma shi a duniya. Rogo mai ɗaci na ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid, wadda ke toshe daidai wurin da oksijin ke karɓar aikinsa. Ɓarewa, jiƙawa na kwanaki, matsewa da soyawar da ake yi wa garin kwaki su ne ke rage gubar. Mai gaggawar da ya tsallake su ya saka masu ci cikin haɗari.

Mai ciwon sukari ma a nan bayaninsa yake: gulukos ya cika jini, amma ƙarancin insulin ko rashin tasirinsa ya hana shi shiga tsoka yadda ya kamata, sai ga mutum ya ƙoshi amma yana fama da kasala. Mai azumi kuwa jikinsa kan fara da sukarin da hanta ta adana, sannan ya ƙara dogara ga kitse, wanda giram ɗinsa guda ke ba da kalori 9, a inda sitaci ke ba da 4. Wani lissafi da aka buga a mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, a 2014 ya nuna cewa idan mutum ya ƙone kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin kabon dayoksaid, sauran kuma ruwa ne.

Kwalba, yis da fulas

Koyar da wannan darasi ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Malami na iya zuba ruwan ɗumi da sukari da yis a kwalba, ya ɗaura balan-balan a baki. Kafin a tashi daga aji zai fara kumbura. Abin da ke tayar da ƙullun waina ke nan, domin yis na warware sukari ko babu oksijin. Tsamin nono ma daga irin wannan aiki yake, sai dai ƙwayoyin bakteriya ne ke yin sa. Waken da ya fara tsiro, idan aka zuba shi a fulas tare da ma'aunin zafi, zai nuna cewa tsirrai ma suna wannan numfashi.

Littattafan kansu na buƙatar dubawa. Da yawa har yanzu na cewa gulukos guda na ba da ATP 38, alhali binciken baya-bayan nan ya tsaya a kan 30 zuwa 32. Wasu kuma na ɗora ciwon jikin da ake tashi da shi washegarin motsa jiki a kan sinadarin laktik, duk da cewa jiki na kawar da shi tun a ranar.

Tsara manhaja aikin hukumar NERDC ne da ke Sheda, kula da kwalejojin haɗin kai kuma na wuyan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Jami'an da takardun manhaja da na kasafi ke bi ta teburinsu na da ta cewa a kan ko za a ware wa gwaji lokaci da 'yan kuɗin kayan aiki. Su ma iyaye na da hanyar auna abin da aka koya wa ɗansu: a tambaye shi me ya sa ba a kunna janareta a cikin gida. Idan ya iya amsawa da bakinsa, darasin ya zauna.