Cutar da ke ɓuya a bututun ruwan zafi

Majinyaci kan ji daɗi idan ya murɗa famfon asibiti ruwa ya fito da ɗumi-ɗumi. To, wannan ɗumin shi ne abin da ƙwayar cutar Legionella ke nema. Tana hayayyafa a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 20 da 45 na ma'aunin Salshiyos. Sai ya kai 60 take mutuwa cikin 'yan mintoci.

Duniya ta san da ita ne bayan wani taron tsofaffin sojojin Amurka a Filadelfiya a 1976, inda cutar ta ɓarke ta kashe mutum 34. A Janairun 1977 masani Joseph McDade na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ya gano ta.

Ginin asibiti ya yi mata daidai. Bututu yana da tsawo, kafin ruwan da ya fito daga tukunyar dumamawa ya isa ɗakin ƙarshe ya huce. Ga ɗakin da aka rufe wata guda babu mai buɗe famfo, ga guntun bututun da mai gyara ya toshe bakinsa ya tafi, ruwa ya kwanta a ciki. A nan wani yauƙi ke lulluɓe cikin bututun, ƙwayar ta shige, har sinadarin kilorin ya kasa cim mata. Da an buɗe shawa sai ta biyo feshin ruwan, mutum ya shaƙa ta sauka huhu. Kwana 2 zuwa 10 sai zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi. Tsofaffi da masu shan taba da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ta fi kayarwa. CDC ta ce cikin mutum 10 da suka kamu ɗaya kan rasu, amma idan a asibiti aka ɗauke ta, ɗaya ne cikin huɗu.

Gaba kura, baya siyaki: ruwan da zai kashe ta zai iya sale fatar tsoho ko jariri. Shi ya sa a Birtaniya ake ajiye shi a digiri 60, ya zagaya da zafinsa, a sirka shi da na sanyi dab da bakin famfo. Sauran aikin ba tsada: a riƙa tsiyayar da famfon da ba a amfani da shi, a wanke kan shawa, a cire mataccen bututu. Sai dai aiki ne da babu mai yabo, saboda haka shi ake fara mantawa.

Mu nan ma ba sai da tukunya ba. Tankin da ke kan rufi a Sakkwato cikin Afrilu, rana kaɗai ta isa ta kai ruwansa zafin da ƙwayar ke so.