Sikelin da Ya Karya Mary Cain

A ƙarshen watan Nuwamban 2023 labari ya fito cewa kamfanin Nike da koci Alberto Salazar sun sasanta da Mary Cain a wajen kotu, kan ƙarar da ta shigar a jihar Oregon ta Amurka a 2021 tana neman diyyar dala miliyan 20. Wani abokina mai bibiyar wasanni ya ɗaga kafaɗa ya ce mini, "Malam, yarinya ce gudu ya gagare ta, ta koma neman na cefane." Na ji irin wannan magana daga bakin mutane da dama, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. An ɗauka labarin nan na wata ce da ta yi tashen balaga a fagen tsere, da aka shiga sahun manya sai ta gaza. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

An haife ta a 1996, ta tashi a Bronxville kusa da birnin New York. A 2013, tana ɗalibar sakandare, ta yi gudun mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 59.51, abin da babu wata 'yar sakandare a Amurka da ta taɓa yi. A shekarar ce, tana da shekara 17, ta kai tseren ƙarshe na mita 1,500 a gasar duniya ta Mosko, a tsakiyar matan da wasunsu sun ba ta shekara goma. Sai ta shiga rukunin Nike Oregon Project, inda Salazar ke horar da su Mo Farah da Galen Rupp, waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu a mita 10,000 a Olamfik ɗin Landan na 2012. A 2014 ta ci zinare a mita 3,000 a gasar matasa ta duniya a Eugene. Daga nan sai gangara. A tseren zaɓen 'yan Olamfik na Amurka na 2016 ta zo ta goma sha ɗaya, kafin shekarar ta ƙare ta bar rukunin.

Shekara uku ba a ji ta bakinta ba, sai a Nuwamban 2019 ta yi magana a wani bidiyo da jaridar New York Times ta fitar. Ta ce Salazar ya yanka mata nauyin da dole ta sauko kansa, laba 114, wato wajen kilo 52, kuma akan ɗora ta kan sikeli a gaban abokan horonta, a kunyata ta idan ba ta kai ba. Ta ce jinin al'adarta ya ɗauke har shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye, ta fara yankar jikinta, har tunanin kashe kanta ya riƙa zuwar mata. Ta ce waɗanda ke kewaye da ita a rukunin duk maza ne. Salazar ya musanta yawancin zarge-zargen, ko da yake daga baya ya amsa cewa mai yiwuwa ya furta wa 'yan wasansa kalamai marasa tausayi. Martanin farko na Nike kuwa shi ne cewa ai ita ce ta nemi dawowa rukunin a watan Afrilun 2019, kamar dai komawar mace gidan da ake dukanta hujja ce cewa ba a dukanta. Amy Yoder Begley, wadda ta wakilci Amurka a Olamfik na 2008, ta fito ta ce ita ma haka aka riƙa yi mata gorin ƙiba a wannan rukuni.

Abin da ya faru da jikin Cain ba sabon abu ba ne a wajen likitoci. Tun 1992 wata ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta haɗa alamomi uku wuri guda, ƙarancin abinci da ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi, ta ce tafiyarsu ɗaya. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa bayanin, ya sa masa suna RED-S, ya kuma ce maza ma ba su tsira ba. Idan abin da mutum ke ci bai kai abin da gudu ke ƙonawa ba, jiki yakan yi irin tsimin magidanci a shekarar fari: ya rufe duk abin da ba na tsira da rai ba ne. Farkon abin da yake rufewa a jikin mace shi ne hanyar haihuwa. Ƙwaƙwalwa ta rage aika saƙo ga ƙwan mace, sinadarin istirojin ya ja baya, kuma shi ne ke tsare ƙashi. Ga shi mafi yawan ƙarfin ƙashin da mace za ta rayu da shi tana tara shi ne tun daga balaga zuwa 'yan shekaru bayan ashirin, wato daidai shekarun da aka sa Cain yunwa. Mugun abin shi ne, a watannin farko na ramewa gudu kan ƙaru. Koci ya ga agogo ya yi kyau, ya ce dabararsa ta ci. Ganin kitse ake yi wa rogo.

To me ya sa manyan masu horarwa, da kuɗi da kayan aiki irin na Nike, suka yi kamar ba su san wannan ba? Amsata tana cikin wani tarihi da ba a cika tunawa da shi ba. A Olamfik na Amsterdam a 1928 aka fara barin mata su yi tseren mita 800. Lina Radke ta Jamus ta ci, Kinue Hitomi ta Japan ta biyo ta. Jaridu suka kambama gajiyar da matan suka nuna bayan tseren, irin gajiyar da kowane namiji ke nunawa, suka mai da ita hujjar cewa jikin mace ba zai ɗauka ba. Aka cire tseren, bai dawo ba sai a Rum a 1960, bayan shekara 32. Mita 1,500 na mata sai 1972 a Munich. A gudun fanfalaki na Boston na 1966, sai da Bobbi Gibb ta laɓe a cikin ciyayi kusa da wurin tashi sannan ta kutsa cikin maza. A 1967 wani jami'in tseren mai suna Jock Semple ya bi Kathrine Switzer da gudu yana ƙoƙarin fizge lambar da ke jikin rigarta. Olamfik bai yarda da fanfalakin mata ba sai 1984 a Los Angeles, inda Joan Benoit ta ci. Mita 10,000 ya shigo a 1988, kuma bayan shekara huɗu kacal Derartu Tulu ta Habasha ta ɗauke shi a Basalona.

Duk tsawon shekarun nan da aka tsare ƙofa, ilimin horo yana ta ginuwa a kan jikin maza, mafi yawan gwaje-gwaje a kansu ake yi. Da aka buɗe ƙofar kuma, ba a tsaya an sake lissafi ba, sai aka miƙa wa mata jadawalin maza. Alhali balaga ba hanya ɗaya take bi da yaro da yarinya ba. Yaro tsoka take ƙaruwa masa, gudunsa ya yi ta hawa. Yarinya kuwa ƙugu kan buɗe, kitse ya ƙaru, sau da yawa gudunta ya ɗan tsaya ko ya ja baya na ɗan lokaci kafin jiki ya daidaita. Manyan mata masu gudun yada-ƙanin-wani da yawa sai sun doshi talatin, wasu sun haura, suke kai ƙololuwarsu. Kocin da bai da haƙurin jiran wannan sai ya shiga yaƙi da balagar kanta. A da an hana mata gudu wai don a kare mahaifarsu. Yau da gudu da yunwa suke ɗauke al'adar yarinya da gaske, wasu ma ɗauka suke yi alama ce ta horo ya shiga jiki.

Shi kansa Salazar abin dubawa ne. Ya ci fanfalakin New York sau uku a jere, 1980 da 1981 da 1982. A wani tsere a Falmouth a 1978 ya yi gudu har ya faɗi da zafin jiki, sai da aka yi masa addu'ar da ake yi wa mai gargara. Bayan ya ci Boston a 1982 sai da aka yi masa ƙarin ruwa lita shida. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai jikinsa ya fara juya masa baya, ya zo na goma sha biyar a Olamfik na 1984, bai sake komawa matsayinsa na da ba. Mutumin da ya fi kowa sanin yadda ake cinye jiki tun da ƙuruciya shi aka damƙa wa yarinya mai shekara 17.

Kuma a lura da abin da ya fara kayar da shi. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka ce ta dakatar da shi shekara huɗu a ƙarshen Satumban 2019, ana tsakiyar gasar duniya a Doha, Nike ta rufe rukunin cikin kwanaki. Haramcin har abada da hukumar SafeSport ta yi masa saboda cin zarafin 'yan wasa bai zo ba sai 2021. Don kare tsabtar tsere akwai ɗakunan gwaji da masu bincike da kotu ta musamman a Suwizalan. Yarinya kuwa sai da ta zauna gaban kyamara ta tona asirin jikinta ga duniya.

Kada wani ya ce wannan matsalar masu ƙoshi ce. Tun da aka fara fanfalakin Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtuka, kuma cikin 'yan gida da ke taɓuka abin kirki da yawa daga tsaunukan Filato suke, wajajen Jos da Pankshin. Duk shekara sai an ji jami'ai na cewa a nemo yara tun suna ƙanana a horar da su. A nemo su, babu laifi. Sai dai jiki bai san bambanci tsakanin yunwar da koci ya ɗora da yunwar da babu ta ɗora ba. Yarinyar da ta yi kilomita goma sha biyar da asuba a kan kofin koko, ƙashinta yana cikin haɗari ɗaya da na 'yar Bronxville, ga kuma ƙarancin jini da ya yi wa 'yan matanmu katutu. A wurinmu ma abin ya fi ɓuya, domin kunya ba za ta bar yarinya ta gaya wa malamin wasanni namiji cewa wata shida ba ta ga al'adarta ba. Idan kuwa maganar ta kai gida, kowa ya san zargin da za a fara yi mata kafin a tuna da asibiti.

Saboda haka masu riƙe da hukumomin wasanni na jihohi da na tarayya su daina tara 'yan mata a sansanin horo babu mace ko ɗaya a cikin masu kula da su, babu nas, babu wanda ke auna abin da ke cikin kwano. Kuɗin hayar rumfa da kujeru na bikin buɗe gasa ɗaya ya isa a yi wa yaran gwajin jini. Iyaye mata kuma su riƙa tambayar 'ya'yansu masu gudu, a ɗaka, ba tare da tsawa ba.

Cain ta kafa ƙungiyar gudu ta mata mai suna Atalanta a New York a 2021, domin manyan 'yan wasa su riƙa karɓar albashi suna kuma jan ƙananan 'yan mata a jiki. Tana da shekara 27 aka rufe shari'arta, shekarun da takwarorinta ke fara cin moriyar ƙafafunsu. Mafi saurin gudunta na mita 1,500 a fili, minti 4 da daƙiƙa 4.62, tun tana 'yar sakandare ta yi shi.