Mai Zanen Bango Da Fentin Da Daji Ke Ba Shi

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela, ya ratsa Kalmalo a gefen tafki dab da iyakar Birnin Ƙonni, zai ga yadda bulo da siminti ke maye gurbin ginin ƙasa. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, sana'ar mai zanen bango tana tafiya tare da ginin.

Tun kafin fentin gwangwani ya iso, mai zane daga daji yake samo kayan aikinsa. Farar ƙasa ita ce farinsa, jar ƙasa jansa, baba kuma ya ba shi shuɗi. Ɓawon ɗorawa ake jiƙawa a sami makuba, wadda ke sa bango ya yi duhu ya kuma jure ruwan sama. Laso kuwa haɗi ne na katsi daga karofi, da gashin jima, da ruwan dafara. Tun yaɓe yana ɗanye gwani zai fitar da zane da yatsu ko wuƙa, in ya bushe sai ya bi shi da launi.

Sunayen zanen ma sun nuna inda ido ya ɗauko su. Dagi tafin ƙafar zaki ne ko kyanwa. Zanko yana kan zakara kafin ya hau kan soro. Bakan gizo kuwa a sararin sama muka fara ganinsa, kafin Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure shi a Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830.

'Yan boko ma sun gane darajar wannan. A 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suka dage cewa a haɗa dabarun Turawa da fasahar gida.

To jama'a, in aka sare ɗorawa, karofi ya mutu, ina makuba da katsi za su fito? Muna kira ga iyaye da malaman makarantunmu su kai yara wurin tsofaffin magina tun suna raye, su kuma bar yaron da ke zane a ƙasa ya ci gaba da abinsa. Mu dasa itace, mu riƙe sana'ar.