Aikin Masu Ɗaukar Hoto a Finafinan James Bond

Dattawan ƙasar Kazaure, daga Roni zuwa Gwiwa har Yankwashi, da maƙwabtansu na Babura, suna iya tuna zamanin da motar majigi ta kan zo gari. Da la'asar sankira ya yi shela, bayan lisha a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a ta da inji, yara a gaba manya a baya, a kalli yadda a ke noman auduga ko yadda a ke tsabtace rijiya. Wanda kuwa ya sami zuwa Kano ya kan ga abin da ya fi haka, gama tun 1937 aka buɗe gidan silima na Rex, daga baya su Palace da Plaza da Orion suka biyo baya. Yau ga shi majigi ya ƙanƙance ya shiga aljihu, ɗan makaranta a Karkarna yana kallo a wayar hannu abin da kakansa sai ya shiga mota zuwa birni kafin ya gani.

To, amma duk da yawan kallon nan, akwai mutum guda wanda masu kallo ba su cika kula da shi ba. In an tashi daga fim, hira ba ta wuce ta jarumi da mugu da motar da aka kifar. Ba a tambayar wane ne ya ce a kafa kyamara a nan, a kunna wannan fitila a kashe waccan. Alhali kuwa duk abin da ido ya gani a allo, ta idon wannan mutum ya fara bi. Shi ne shugaban masu ɗaukar hoto. Darakta shi ke da labari da 'yan wasa, shi kuwa wannan shi ke da haske da inuwa da launi, da nisan kyamara ko kusancinta. Misalinsa kamar marini ne a karofi: baba ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, amma rinin wani ya fi na wani.

Domin mu gane girman aikinsa, zai yi wuya a sami misalin da ya fi finafinan James Bond, saboda labarinsu kusan iri ɗaya ne kullum, hannun da ke ɗauka ne ke sakewa. Shi James Bond ɗan leƙen asirin Ingila ne na ƙage, mai lamba 007. Wani marubuci, Ian Fleming, wanda ya yi aikin asiri a rundunar jiragen ruwan Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ya ƙago shi a littafin da ya fitar a 1953. Kamfanin Eon na Albert Broccoli da Harry Saltzman ya yi fim na farko, Dr. No, a 1962. Daga nan zuwa No Time to Die na 2021 kamfanin ya yi finafinai 25, mutum shida kuma suka fito a matsayin Bond, daga Sean Connery har zuwa Daniel Craig.

Wanda ya aza harsashi

Mutumin da ya fara zana kamannin waɗannan finafinai shi ne Ted Moore, haifaffen Afirka ta Kudu. Bakwai daga cikinsu ya ɗauka, tun daga Dr. No har The Man with the Golden Gun na 1974, wanda ciwo ya hana shi ƙarasawa, Oswald Morris ya karɓa. Kuɗin da aka kashe wa Dr. No bai wuce kimanin dala miliyan 1 ba, abin da ko a wancan zamani ba a kira shi kuɗi mai yawa. Abin da Moore ya dogara da shi shi ne ranar tsibirin Jamaika da shuɗin tekunta, ya ɗauke su tas, launi ya fito kamar sabon atamfa.

A fim na biyu, From Russia with Love na 1963, ya nuna ya san inuwa kamar yadda ya san rana. An ɗauki wani sashe a Santambul, cikin Ayasofiya da kuma wani tsohon ma'ajin ruwa na ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai. Sa'an nan akwai faɗan da aka yi cikin ƙuntataccen ɗakin jirgin ƙasa, inda fitila ta mutu, ba abin da ya rage sai ɗan haske mai shuɗi-shuɗi. Mai kallo ba ya ganin kome sosai, amma ƙuncin wurin da tsananin faɗan su kan sa numfashinsa ya ɗauke. Wannan aiki ya jawo wa Moore lambar yabo ta masu harkar fim na Ingila.

Ba a ce zamanin ba shi da aibu ba. A kan zaunar da ɗan wasa cikin motar da ke tsaye a ɗakin ɗaukar fim na Pinewood, kusa da Landan, a haska hoton hanya a bayansa, shi kuwa yana ta murza sitiyari. A lokacin an yarda da wannan dabara, yau kuwa ko yaro ya gani sai ya yi dariya. Rairayin Jamaika yana nan da kyansa bayan shekara sittin, dabarar ce ta tsufa. Mai karatu ya riƙe wannan, gama za mu sake gamuwa da shi.

Masu sayar da rai

Da finafinan suka karɓu, kuɗi suka shigo, sai allo ya faɗaɗa. A Thunderball na 1965 aka fara amfani da faffaɗan hoto, aka kuma shiga da kyamara ƙarƙashin tekun Bahamas. Daga baya aka ɗauko Freddie Young, wanda ya riga ya ci lambar Oska sau biyu, ɗaya a kan Lawrence of Arabia, ɗaya a kan Doctor Zhivago, aka ba shi You Only Live Twice na 1967 a ƙasar Japan. Don wannan fim ne Ken Adam ya gina cikin wani dutse mai aman wuta a filin Pinewood, ginin da kuɗinsa ya yi daidai da abin da aka kashe wa Dr. No dukansa. Haskaka wuri mai wannan girma yadda kowane lungu zai fito ba ƙaramin aiki ba ne, Young kuwa ya yi shi.

A wannan fim ɗin ne farfelar jirgi mai saukar ungulu ta sari ƙafar wani mai ɗaukar hoto daga sama, John Jordan, har aka yanke ta. Bai bar sana'ar ba. A On Her Majesty's Secret Service na 1969, wanda Michael Reed ya shugabanci ɗaukarsa a duwatsun Suwizalan, Jordan ya yarda aka rataye shi da igiya a ƙarƙashin jirgi, domin kada wani abu ya shiga tsakanin kyamara da duwatsun. A ƙasa kuma wani Bajamushe gwanin zamiya a kan ƙanƙara, Willy Bogner, yana gangara da baya da baya, kyamara a hannu, yana fuskantar masu bin sa. Har yau masana da yawa suna sa wannan fim cikin waɗanda suka fi kyan hoto.

The Spy Who Loved Me na 1977 yana buɗewa da wani mutum da ya zamo daga kan dutsen Asgard na ƙasar Kanada, ya faɗa sarari, can sai lema ta buɗe. Rick Sylvester ne ya yi tsallen da gaske. An kafa kyamarori da dama, guda ɗaya tak ta kama shi daga farko har ƙarshe. Shugaban ɗaukar fim ɗin Bafaranshe ne, Claude Renoir, wanda ya ɗauki dalar Giza da ginshiƙan Karnak na Masar da kyau ƙwarai. Amma idonsa ya fara rauni, don haka da aka zo haskaka cikin wani ƙaton jirgin ruwa da aka gina, sai Ken Adam ya kira shahararren darakta Stanley Kubrick a asirce ya ba da shawara.

Hawa da gangara

Daga 1981 zuwa 1989 Alan Hume da Alec Mills suka riƙe aikin. Hotonsu tsaf ya ke, ba kuskure, amma haske ya kan cika ko'ina daidai wa daida, inuwa ta yi ƙaranci, abin ya yi kama da na talbijin. Masu son finafinan Indiya za su tuna Octopussy na 1983, wanda aka ɗauka a fadojin Udaipur. A GoldenEye na 1995 Phil Méheux ya dawo da duhu da inuwa, aka kuma buɗe fim ɗin da tsalle na gaske daga kan madatsar ruwan Verzasca mai tsawon mita 220.

Sa'an nan aka yi tuntuɓe. Die Another Day na 2002 ya ci fiye da dala miliyan 100, amma a cikinsa aka nuna Bond yana hawan igiyar ruwan da kwamfuta ta zana, yana kuma tuƙa motar da ke ɓacewa. Masu kallo suka gane zane ne, tsoro ya fita daga zuciya, gama ba mai fargaba don ruwan da ba ya jiƙa riga. Watau kuskuren motar Pinewood ne ya dawo da sabuwar riga mai tsada. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Kamfanin ya ji kukan jama'a. A Casino Royale na 2006 aka sake kiran Méheux, ya buɗe fim ɗin da hoto baƙi da fari, kamar na zamanin majigi, domin a nuna an koma tushe. Quantum of Solace na 2008 kuwa ya koyar da wani darasi dabam. Roberto Schaefer ya ɗauki hamadar Atacama da kyau, amma aka yayyanka wuraren tsere da faɗa gutsi-gutsi, kafin ido ya zauna a kan hoto an sake wani, har mai kallo ya rasa wa ke bin wa. Gaggawa ta kan ɓata aikin gwani.

Skyfall na 2012 shi ne wanda galibi a ke ɗauka ya fi duka. Roger Deakins ne ya ɗauke shi, da kyamarar zamani wadda ba ta amfani da zaren fim, har aka sa shi cikin masu takarar Oska. Akwai faɗa a saman wani dogon bene na gilashi, ba a ganin fuskar kowa, sai inuwar mutum biyu baƙi ƙirin a gaban shuɗin hasken allunan talla. A ƙarshen fim ɗin kuma gida ne ke cin wuta da dare, hasken gobarar ya rina fili da hazo ja wur. Sabuwar na'ura ce, amma hikimar ita ce ta ɗakin jirgin ƙasa na 1963: a rage haske, a bar ido ya nemi abin da ya ɓuya. Bayansa Hoyte van Hoytema ya koma ga zaren fim a Spectre na 2015, inda kyamara ta bi Bond cikin taron mutum 1,500 a birnin Meziko kamar ba a yanke ba, ko da ya ke an yi haɗi a ɓoye. Linus Sandgren ya rufe zamanin Daniel Craig da tsohon birnin Matera na Italiya. A 2025 ragamar finafinan ta koma hannun kamfanin Amazon, aka kuma ba Denis Villeneuve aikin darakta na fim mai zuwa.

Abin da ya shafe mu

Darasi na farko na masu shirya finafinanmu ne. Tun daga Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976, da Turmin Danya na 1990 wanda ya buɗe kasuwar finafinan Kano, har zuwa dogayen shirye-shiryen da a ke bi mako-mako, sana'ar ta yi nisa. Amma sau da yawa a kan tara 'yan wasa a falo, a watsa musu fitila ɗaya a fuska, a ce rashin kuɗi ne. Tarihin nan ya nuna kuɗi ba su ne kan magana ba. Ted Moore da ɗan abin hannunsa ya bar hoton da ya fi na masu miliyan ɗari daɗewa. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya ba a sayensu. Hazon hunturu, da duwatsun Kazaure da na Roni, da ruwan madatsar Kazaure, da kasuwar ƙauye ranar cinta, duk suna nan suna jiran wanda zai yi haƙuri ya zaɓi lokaci.

Darasi na biyu na malaman makaranta ne da ma'aikata masu 'ya'ya. Finafinan Bond ba na ƙananan yara ba ne, gama akwai shaye-shaye da kisa da abin da bai dace da tarbiyyarmu ba. Amma kallo ya riga ya shiga gida, abin da ya rage shi ne a koya wa yaro yadda a ke kallo. Mun saba cewa gani ya kori ji, to, kyamara ta iya ruɗi. Wurin da aka ce Madagaska ne a Casino Royale, a Bahamas aka ɗauke shi. Benen gilashin nan da aka ce a Shanghai ya ke, a Pinewood aka gina cikinsa. Malami zai iya zaɓar wani sashe mai tsabta na kowane fim, ya kashe murya, ya tambayi ɗalibai: daga ina haske ya fito? Ina mai kyamara ya tsaya? Me aka nuna, me aka ɓoye, don me? Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi ba za a yi saurin yaudararsa da hoton da aka turo masa a waya ba, watakila ma daga cikinsu a sami wanda zai ɗauki garinsu yadda duniya za ta tsaya ta kalla.

Saboda haka, in fim ya ƙare sunaye suka fara hawa, kada a yi gaggawar tashi. A tsaya a karanta sunan mai ɗaukar hoto, gama da idonsa aka yi kallon. Allah ya sa mu dace.