Kakar 2023/24 ta gasar Firimiyar Ghana: me ta nuna wa Arewacin ƙasar?

Ƙungiyoyi 18 ne ke buga gasar Firimiyar Ghana, kowace ta yi wasa 34, uku na ƙarshe su faɗa rukunin ƙasa. A kakar 2023/24, Samartex ta garin Samreboi ce ta ɗauki kofi karon farko, yayin da Real Tamale United, inda Abedi Pele ya taɓa taka leda, ta faɗa tare da Great Olympics da Bofoakwa Tano. Wannan kaka ta nuna cewa tsayayyen mai ɗaukar nauyi ne ke kawo kofi, domin kamfanin katako ne ke bayan Samartex. A Arewa kuwa, matasan Chereponi da Salaga da Yendi da Bawku suna da hazaƙa. Abin da suka rasa shi ne ƙungiyar da ke biyan albashi a kan lokaci da fili mai kyau.

Wasu za su ce nisa ne ya kashe Arewa, tunda tafiya daga Tamale zuwa Accra ta haura kilomita 600. Gaskiya ne kuɗin mota da masauki suna cin aljihu. Amma ai Wa All Stars, wadda ita ma ta Arewa ce a lokacin, ta ɗauki kofi a 2016 duk da wannan nisa. Daga baya aka sayar da ita, ta koma Accra da sunan Legon Cities. Saboda haka maganar ta koma kan attajiranmu da majalisun gundumomi: su riƙe ƙungiyoyin gida, su gyara filaye, su tallafa wa gasar matasa.