Yadda makunnai biyu ke sarrafa ƙwayar gado ɗaya a ƙwan ƙuda

Ƙwan ƙudan 'ya'yan itace, wanda masana ke kira Drosophila, tsawonsa kusan rabin milimita ne. Cikin awa uku da fara girmansa, cibiyoyin ƙwayoyin halitta kusan 6,000 kan jeru a gefensa, kowace ta san ko kai za ta zama, ko ƙirji, ko ciki. Dukkansu DNA ɗinsu iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne ƙwayar gadon da aka kunna a kowane wuri.

Masu kunnawar wasu gajerun sassa ne na DNA da ake kira inhansa. Furotin iri-iri kan sauka a kansu, wasu su ba da umarnin a fara kwafar saƙon ƙwayar gado, wasu su hana. Ƙwayar gadon even-skipped, alal misali, tana fitowa a layuka bakwai. Layi na biyu yana da nasa makunni mai haruffan DNA kusan 480: Bicoid da Hunchback ke kunna shi, Giant da Krüppel kuma ke kashe shi a gefe da gefe.

A 2008 ne ɗakin binciken Michael Levine a Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin gado da dama suna da makunni na biyu mai aiki a wuri ɗaya da na farko. Me ya sa za a ajiye biyu? Amsa ta zo a 2010 daga ƙwayar gadon shavenbaby, mai fitar da ƙananan gashi a jikin tsutsar ƙudan. Da aka cire ƙarin makunnanta, gashin bai ragu sosai ba a digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, amma a digiri 17 da 32 ya ragu ƙwarai. Ke nan na biyun kamar batirin ajiya ne, sai yanayi ya tsananta ake ganin amfaninsa.

Fasahar hoto ce ta bayyana sauran. Da dabarar MS2, ana liƙa furotin mai ƙyalli a jikin saƙon da ake kwafa, sannan na'urar hangen ƙananan halittu mai hasken leza ta ɗauki bidiyon ƙwan yana raye. Abin da aka gani shi ne kwafar ba ta tafiya a jere, tana kunnuwa tana ɗaukewa.

A 2015 aka auna aikin makunnan, ɗaiɗai da kuma a haɗe. A ƙwayar gadon knirps, ƙarfinsu yana haɗuwa, wani lokaci har ya zarce jimillar biyun. A snail kuwa, da kuma hunchback a gaban ƙwai, biyun a haɗe ba su kai jimillarsu ba. Bayanin masu binciken shi ne makunnai masu ƙarfi suna rububin wuri guda da ake fara kwafar, suna tare wa juna hanya, raunana kuwa ba kasafai suke karo ba.

Wannan ya shafi ɗan Adam. Makunnin ZRS yana nesa da ƙwayar gadon da yake sarrafawa da haruffa kusan miliyan 1, amma sauyin harafi ɗaya a cikinsa na iya sa a haifi yaro da ƙarin yatsa ta wajen babban yatsa. Don haka mai binciken cutar gado ba zai tsaya kan ƙwayar gado kaɗai ba, dole ya duba makunnanta da yadda suke hulɗa da juna.